Sharhi: Fasa ƙofofin hunturu a tsaunukan Ostireliya da waɗanda ke biyan kuɗin ɓarnar

A daidai lokacin da damina ke kankama a ƙasar Hausa, a can kudu maso gabashin Ostireliya hunturu ne ke shigowa, domin ƙasar tana sashen kudu na duniya, inda watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne mafiya sanyi. A tsakiyar watan Yunin kowace shekara, jami'an gandun daji na jihar Victoria kan bi ɗaruruwan hanyoyin burji da suka ratsa tsaunuka da dazuzzukan jihar, su ja ƙofofin ƙarfe, su garƙame su da kwaɗo. Ranar rufewar sananniya ce ga kowa: Alhamis ɗin da ke biyo bayan hutun zagayowar ranar haihuwar Sarkin Ingila, wanda jihar ke yi a Litinin ta biyu ta watan Yuni. Galibin ƙofofin ba sa sake buɗuwa sai Alhamis ɗin da ke gabanin gasar tseren dawaki ta Melbourne Cup, wadda ake yi a Talatar farko ta watan Nuwamba.

Sai dai kusan kowace shekara labarin ɗaya ne. Jami'ai kan koma sintiri su tarar an yanke kwaɗo da injin yankan ƙarfe, ko an ɗaura igiya an tumɓuke ginshiƙin ƙofa da mota, ko kuma an bar ƙofar a rufe an kewaye ta, an yi sabuwar hanya ta cikin ciyawa da bishiyoyi. Masu yin haka galibi direbobin manyan motocin jif ne masu ja da tayoyi huɗu, waɗanda wasunsu ke ɗaukar tuƙi cikin taɓo da dusar ƙanƙara a matsayin nishaɗi, har su ɗauki bidiyo su watsa a shafukan sada zumunta.

A ganin mai fasa ƙofa, ransa ne da motarsa ya jefa cikin kasada, don haka babu ruwan kowa. Lissafin abin da ke biyo baya yana nuna akasin haka. Kaso mafi girma na asarar yana faɗa wa mutanen da ba su san an yi tafiyar ba: mai biyan haraji, da manomin da ke nesa da tsaunin, da mai aikin ceto, da kuma direban da zai zo daga baya ya tarar da ƙofa a buɗe.

Inda abin yake faruwa

Yankin da ake magana a kai shi ne wanda ake kira tsaunukan Alps na Ostireliya, sunan da aka aro daga shahararrun tsaunukan Turai. Ya ratsa jihohin Victoria da New South Wales har zuwa kusa da Canberra, babban birnin ƙasar. Ƙololuwarsa ita ce Dutsen Kosciuszko mai tsayin mita 2,228, a ɓangaren Victoria kuwa Dutsen Bogong ne kan gaba da mita 1,986. Ta fuskar tsayi ba wasu abin mamaki ba ne, domin Dutsen Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai mita 2,419, ya fi su duka. Abin da ya bambanta su shi ne kusancinsu da ƙuryar kudancin duniya, inda iska mai sanyi da danshi ke tasowa daga teku ta zubar musu da dusar ƙanƙara. A ƙauyen Charlotte Pass da ke kusa da Kosciuszko ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin ƙasar, digiri 23 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a ranar 29 ga Yuni, 1994.

Mafi yawan ɓangaren Victoria yana cikin gandun dajin ƙasa na Alpine National Park, wanda aka kafa a 1989, mai faɗin kimanin hekta 646,000, kuma shi ne mafi girma a jihar. Hukumar Parks Victoria ce ke kula da shi, dazuzzukan gwamnati da ke kewaye kuma suna hannun ma'aikatar muhalli ta jihar. Ikon rufe hanyoyi da hukunta masu keta su yana da tushe a dokoki da suka daɗe, irin su Dokar Dazuzzuka ta 1958, da Dokar Gandayen Ƙasa ta 1975, da wata doka ta 1972 da ta haramta tuƙa mota a wajen hanya a filayen gwamnati.

Ba duka hanyoyi ake rufewa ba. Babban titin Great Alpine Road, wanda ke haura Dutsen Hotham har zuwa tsayin mita 1,845, a buɗe yake duk shekara matuƙar yanayi ya bari. Ana kwashe masa dusar ƙanƙara da manyan injuna, kuma wajibi ne direba ya ɗauki sarƙar da ake ɗaura wa taya kafin ya hau a lokacin sanyi. Waɗanda ake rufewa su ne hanyoyin da ba a iya kula da su a wannan yanayi, kamar hanyar Dargo High Plains, da ɓangaren hanyar Bogong High Plains da ya wuce garin shaƙatawa na Falls Creek, da ɗimbin ƙananan hanyoyin daji.

Hanyar burji ba ta jure taya idan ta jiƙe

Dalili na farko na rufewar, duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar kasuwar ƙauye da damina ya san shi. Hanyar burji tana da ƙarfi ne muddin ta bushe. Idan ta sha ruwa ta yi laushi, mota guda mai nauyi ta isa ta tona mata ramuka biyu masu tsawo. A kan tsauni kuwa, inda hanyar ke gangare, waɗannan ramuka nan take suke zama magudanar ruwa. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara su bi sawun tayar, su kwashe ƙasa da tsakuwa, su cike kwalbatoci, kafin bazara ta zo sawun ya zama kwazazzabo. Ga kuma wata matsalar da ba mu da ita a nan: ruwan da ya shiga cikin ƙasa yakan daskare da dare ya kumbura, ya narke da rana, wanda hakan ke sassauta jikin hanyar fiye da yadda ruwan sama kaɗai zai yi.

Direban da motarsa ta fara kafewa ba ya tsayawa. Yakan ƙara wuta, tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami. Wanda ya biyo shi kuma ba zai shiga ramin ba, sai ya kauce gefe, ta haka hanya mai faɗin mota ɗaya ke komawa fili mai faɗin motoci uku ko huɗu. Gyaran irin wannan ɓarna yana buƙatar kai gireda da tifofin tsakuwa zuwa wuri mai nisa da wahalar shiga, daga kasafin kuɗin da dama bai wadaci hukumar ba. Kowace dala da aka kashe wajen sake kafa ƙofa ko cike ramuka, an ɗebe ta ne daga kuɗin gyaran gada ko sansanin baƙi ko shirin kashe gobara.

A nan ne ma masu fasa ƙofa ke cutar da 'yan uwansu masu irin motocinsu. Hanyar da ta lalace sosai ba a buɗe ta tare da sauran, sai an sami kuɗi da lokacin gyara ta. Dubban direbobin da suka yi haƙuri suka jira watanni kusan biyar, su ne ake sake hana su shiga saboda laifin 'yan tsiraru. Haka kuma waɗannan hanyoyi su ne motocin kashe gobara ke bi da rani, a yankin da gobarar daji ta cinye fiye da hekta miliyan 1 a shekarar 2003 kaɗai. Hanyar da aka farfasa a Yuli na iya zama wadda motar ruwa za ta kasa wucewa a Janairu.

Ruwan da ke ƙarƙashin taya

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kodayake ido bai cika ganinsa ba. A saman waɗannan tsaunuka akwai filaye masu faɗi da babu bishiyoyi, kuma a cikin kwarurrukansu akwai wata irin fadama da wata gansakuka mai suna sphagnum ta lulluɓe. Wannan tsiro kamar soso yake, yana iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa har sau 20 idan aka auna shi a bushe. A ƙarƙashinsa akwai baƙar ƙasa mai laushi da ta taru daga ruɓaɓɓun tsirrai, wadda kaurinta ke ƙaruwa da kimanin milimita 1 a shekara ko ƙasa da haka. Ma'ana, ramin da taya ta haƙa mai zurfin kamu ɗaya ya tone abin da aka yi shekaru ɗaruruwa ana tarawa.

Aikin wannan fadama shi ne ta shanye ruwan narkakkiyar dusar ƙanƙara, ta tace shi, sannan ta riƙa sakinsa a hankali zuwa rafuka har cikin rani. Idan taya ta tsaga ta, tsagin kan zama lambatu, ruwan ya tsiyaye da sauri, gansakukar ta bushe ta mutu, ƙasar da ke ƙarƙashi ta zaizaye ko ta kama wuta idan gobara ta zo. Saboda irin wannan barazana ne gwamnatin tarayyar Ostireliya ta sanya waɗannan fadamu cikin jerin muhallan da ke fuskantar ɓacewa a shekarar 2009.

Muhimmancin abin yana bayyana ne idan aka bi ruwan zuwa inda yake zuwa. Daga waɗannan tsaunuka ne Kogin Murray, mafi tsawo a ƙasar da kilomita kusan 2,500, yake samo tushe. Yankin kogunan Murray da Darling, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 1, shi ne rumbun abincin Ostireliya, inda ake noman rani na shinkafa da auduga da inabi da lemo, har birnin Adelaide ma yana shan ruwan kogin. Wani rahoto da aka shirya wa gwamnatin tarayyar ƙasar a 2011 ya ƙiyasta cewa tsaunukan, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin 100 na faɗin yankin ba, su ne ke samar da kimanin kashi 29 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogunan a shekara. Daga nan ne kuma madatsun ruwan Snowy Mountains, waɗanda aka gina tsakanin 1949 da 1974, da na Kiewa da ke kusa da Falls Creek, ke samun ruwan da suke samar da lantarki da shi.

Mutanen Ostireliya sun daɗe da sanin raunin wannan ƙasa. Tun a tsakiyar shekarun 1940 wata masaniyar tsirrai mai suna Maisie Fawcett ta killace wasu filaye a Bogong High Plains da waya domin hana shanu shiga, aka yi ta kwatanta cikin shingen da wajensa tsawon shekaru. Sakamakon ya nuna cewa ƙasar tana farfaɗowa idan aka bar ta, amma a hankali ƙwarai, cikin gomman shekaru. Irin waɗannan bincike ne suka kai ga hana kiwon shanu a gandun dajin Alpine a 2005, bayan doguwar taƙaddama da iyalan makiyayan da suka gaji hawa tsaunin da dabbobinsu tun ƙarni na 19. Ƙasar da ta ɗauki matakin raba makiyaya da makiyayarsu ta gado saboda kofaton saniya, da wuya ta zuba ido ga tayar motar da ta haura tan biyu. Ban da tonon ƙasa, taɓon da ke maƙale a jikin mota yana ɗauko irin baƙin ciyayi daga wani wuri, irin waɗanda hukumomi ke kashe kuɗi da yawa wajen kawar da su a kewayen Falls Creek.

Rayukan da ake jefawa cikin haɗari

Dalili na uku shi ne rai. A bayan ƙofar da aka rufe babu mai kwashe dusar ƙanƙara, babu mai sare bishiyar da iska ta kayar a kan hanya, babu motar da za ta wuce ta taimaka, kuma a wurare da yawa babu sabis ɗin waya. Yanayin tsaunin yana juyawa cikin sa'o'i kaɗan, hazo da dusar ƙanƙara su rufe ko'ina har mutum ya kasa bambance hanya da bakin rami. Idan zafin jikin ɗan Adam ya sauka ƙasa da digiri 35, sanyi ya fara yi masa illa ke nan: karkarwa, sai ruɗewar tunani, sai barcin da ba a farkawa.

Motar da ake ganin mafaka ce, ita ma tana iya zama ajali. Idan dusar ƙanƙara ta toshe salansa alhali inji na aiki domin ɗumama ciki, iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan taru a cikin motar. Ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ta sha hallaka iyalai a ɗakunan barcinsu a Najeriya. An ga misalin wannan masifa a garin Murree na ƙasar Pakistan, wurin shaƙatawa a kan tsauni arewa maso gabashin Islamabad, a watan Janairun 2022. Motoci fiye da 100,000 suka kwarara yankin cikin 'yan kwanaki domin kallon dusar ƙanƙara, hanyoyi suka toshe, aƙalla mutum 22 suka rasu a cikin motocinsu, daga cikinsu har da ƙananan yara, wasu saboda sanyi wasu saboda hayaƙi. A can laifin ya fi karkata ga hukumomin da suka yi jinkirin rufe hanya, abin da ya sa gwamnatin lardin Punjab ta sauke jami'ai 15 bayan bincike. Murree ta nuna abin da ƙofa ke hanawa idan aka rufe ta a kan kari.

Idan mota ta maƙale a tsaunukan Victoria, waɗanda ake tasa cikin dare su ne 'yan sandan sashen bincike da ceto, da ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta jihar, SES, waɗanda galibinsu masu aikin sa-kai ne da ba a biyansu albashi. Malamai ne da manoma da masu shaguna da ke barin iyalansu su fita. Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin hazo da iska mai ƙarfi, don haka sau da yawa sai an bi ta ƙasa, a kan hanyar nan da aka rufe saboda haɗarinta. Kuma duk lokacin da ayarin ceto ya tafi neman wanda ya fasa ƙofa, garin da suka baro ya rage masu kai ɗauki idan wani haɗarin ya auku.

Akwai kuma masu tafiya a ƙasa. Da zarar an rufe hanyar Bogong High Plains, sai ta koma filin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, ana daddale ta da inji domin su. A nan ne ake gudanar da gasar Kangaroo Hoppet mai nisan kilomita 42 a watan Agusta. Mai zamiya da ke gangarowa a kwana ya sakankance babu mota a gabansa, domin ƙofar da ke ƙasa ta ba shi wannan tabbaci.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Wani ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba shi ne cewa mai yanke kwaɗo ba ya mayar da shi. Yakan wuce abinsa da motar da aka shirya wa daji, da sarƙa da igiya da abokan tafiya, ya bar ƙofa a wangale. Wanda zai biyo baya kuwa yana iya zama baƙo da ƙaramar mota da iyali a ciki, wanda taswirar waya ta nuna masa gajeriyar hanya. Buɗaɗɗiyar ƙofa a wurinsa shaida ce cewa hanya lafiya take.

Jihar Victoria ta san illar dogaro da taswirar waya. A Disamban 2012 'yan sandan garin Mildura sun fito sun gargaɗi jama'a game da manhajar Apple Maps, bayan sun ceto direbobin da ta kai cikin wani gandun daji mai tsananin zafi, kimanin kilomita 70 daga inda garin yake. Manhaja ba lallai ne ta san an rufe wata ƙaramar hanyar daji ba, ƙofar ce kariya ta ƙarshe.

Abin da ya faru a tsaunukan jihar Oregon ta Amurka a ƙarshen Nuwamban 2006 ya isa darasi. Wani ɗan jarida daga San Francisco da matarsa da 'ya'yansu mata biyu ƙanana sun ɓace hanya cikin dusar ƙanƙara, suka shiga wata hanyar masu yankan katako da ya kamata a ce ƙofarta a kulle take. Bayan kimanin mako guda a cikin mota, magidancin ya fita neman taimako da ƙafa. An ceto matar da yaran a ranar 4 ga Disamba, shi kuma aka tsinci gawarsa bayan kwana biyu. Da farko an ce ɓata-gari ne suka yanke kwaɗon, daga baya hukumar da ke kula da filayen ta amince cewa ba a kulle ƙofar ba tun farko. Ko ɓata-gari ne ko sakacin ma'aikata, sakamakon buɗaɗɗiyar ƙofa ga baƙon da bai san hanya ba ɗaya ne.

Koken ɗaya ɓangaren

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk mai ƙorafi kan ƙofofin nan ne ɗan ta'adi ba. Akwai mafarautan barewa da lokacin sanyi ne kakarsu, da masu kamun kifi, da mazauna ƙananan garuruwan da kasuwancinsu ya dogara da baƙi. Suna cewa ranakun rufewar na kalanda ne, ba sa la'akari da shekarar da aka yi fari hanya ta bushe. Suna kuma zargin cewa wasu hanyoyin da aka rufe bayan gobara ko ambaliya da sunan wucin gadi kan daɗe ba a buɗe ba, saboda hukuma ba ta da kuɗin gyara, kuma kulle ƙofa ya fi gyara araha. Wannan fargaba ta ƙaru tun bayan da gwamnatin jihar ta kawo ƙarshen yankan katako a dazuzzukan gwamnati daga 1 ga Janairu, 2024, aka shiga muhawara kan makomar dazuzzukan da kuma wanda zai ci gaba da kula da hanyoyinsu.

'Yan kasuwar yankin sun san zafin rufe hanya. A Oktoban 2022 zaftarewar ƙasa ta datse babbar hanyar da ke haura Falls Creek daga garin Mount Beauty, aka yi kusan watanni shida kafin a buɗe ta, masu masauki da gidajen abinci suka yi asarar cinikin bazara. Wanda ya ɗanɗana wannan ba zai ji daɗin ganin ƙofa ba.

Waɗannan koke-koke hujja ce ta neman a gyara tsarin: a bayyana dalilin kowace rufewa, a sa wa'adi, a cika alkawarin buɗewa. Ba su zama hujjar yanke kwaɗo ba, domin ɓarnar da fasawar ke haifarwa ita ce ke ba hukuma dalilin tsawaita rufewar. Ƙungiyar Four Wheel Drive Victoria, uwar ƙungiyoyin masu irin waɗannan motoci, ta fahimci haka. Tana kira ga mambobinta su mutunta ƙofofin, kuma mambobin kan fita aikin gayya tare da jami'ai su sare bishiyoyin da suka faɗi kafin ranar buɗewa.

Abin da ke sa a mutunta ƙofa

Ta fuskar hukunci, jihar ta kafa ofishin Conservation Regulator a 2019 domin tilasta bin dokokin filayen gwamnati. Jami'ai na sintiri, ana girke duwatsu a gefen ƙofofi domin hana kewayewa, ana cin tara nan take, idan kuma magana ta kai kotu tarar kan kai dubban daloli. Amma faɗin dajin ya fi ƙarfin yawan jami'an, kuma abin da ke hana mai laifi shi ne yaƙinin za a kama shi, fiye da girman tarar da ke rubuce a takarda.

Wasu na ba da shawarar a riƙa cajin wanda aka ceto kuɗin aikin ceton, abin da ba a saba yi ba a Ostireliya. Masu aikin ceto da yawa ba sa goyon bayan haka, domin wanda ke tsoron a caje shi zai yi jinkirin kiran taimako har sai dare ya yi, sanyi ya kama yara, aikin ya ƙara haɗari ga kowa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba abubuwan biyu: a ceci rai kyauta, sannan a gurfanar da direba kan keta doka, ya biya kuɗin ƙofar da hanyar da ya lalata.

Ƙasar Siwizalan tana nuna ɗaya sharaɗin. Kowane hunturu ana rufe manyan hanyoyin da ke haura tsaunukan Gotthard da Furka na tsawon watanni, amma matafiyi ba ya rasa mafita. A ƙarƙashin Gotthard akwai titin cikin dutse mai tsawon kilomita 16.9 da aka buɗe a 1980, a Furka kuma ana loda motoci a jirgin ƙasa a ratsa da su. Mutane sun fi mutunta shingen da suka san dalilinsa, suka san ranar ɗage shi, kuma aka nuna musu inda za su bi.

Shingen damina a yankinmu

Babu dusar ƙanƙara a yankinmu, amma akwai irin wannan ƙofa. Direbobin manyan motoci da fataken da ke zirga-zirga zuwa Kamaru da Chadi sun san shingayen ruwan sama da ake sakawa a hanyoyin burji, inda ake tsayar da motoci masu nauyi idan an yi ruwa har sai ƙasa ta tsane. A Kamaru tsohuwar dokar kare hanyoyin ƙasa ta 1996 ta tanadi waɗannan shingaye. Hikimarsu ɗaya ce da ta Victoria: jiran 'yan sa'o'i ya fi asarar hanya ta tsawon damina. Rauninsu ma ɗaya ne, domin idan mai tsaron shinge ya karɓi na goro ya ɗaga wa tirela guda, ramin da za ta tona shi zai tsayar da motoci hamsin da ke bayanta, tumatir ya ruɓe, kuɗin mota ya tashi, mai saye a kasuwa ya biya.

A Najeriya ma, ambaliyar 2012 da ta 2022 sun datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, kuma a ta 2022 tankokin mai sun maƙale har aka shiga ƙarancin fetur a Abuja. A irin wannan lokaci nauyi biyu ne ke hawa wuyan jama'a. Na jami'in gwamnati shi ne ya rufe hanya a kan kari, ya sanar da dalili da wa'adi da hanyar da za a bi, kada kuma ya mayar da shingen wurin karɓar kuɗi. Na direba da mai kaya shi ne su tuna cewa hanyar ba tasu ba ce su kaɗai, kuma wanda ya kauda shinge ya wuce lafiya ya buɗe wa na bayansa ƙofar da wataƙila shi ba zai fita ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma a wannan batu jikin da ke tsira ya haɗa da na mutanen da direban bai taɓa gani ba.